Zubewar Gashi: A San Ciwon Kafin A Sayi Maganin

Duk wanda ya saba cin kasuwar Rano ko ta Kibiya ya san mutumin nan mai lasifika, wanda yakan girke baro ko tsohuwar mota a bakin hanya, ya jera kwalabe, ya yi ta kirari har rana ta take tsaka. Kwalba ɗaya ce tak, amma in ka kasa kunne za ka ji tana maganin sanƙo, tana maganin amosanin kai, tana kashe ƙwarƙwata, tana korar makero, wai kuma tana sa gashin mace ya zubo har gadon baya cikin mako 3. Ni kaina, tun da gaban goshina ya fara ja da baya, sau biyu ina tsayawa a gindin irin wannan lasifika, sau ɗaya kuwa har na zura hannu a aljihu. Kwalbar tana nan a kan taga. Sanƙon ma yana nan, har ya ƙara faɗi.

Da asarar kuɗi ce kaɗai, da ban dami mai karatu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan shekara 7, ɗan wani ɗan'uwana a wani ƙauye na ƙasar Kibiya. Makero ya fito masa a gefen kai, faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Aka shafa masa tafarnuwa da kanwa, abin bai ji ba. Wani mai gyaran babur ya ce ai man birki shi ne sadidan, aka shafa, yaro ya kwana yana kuka. Daga nan aka sayo man shafawa a kemis, wurin ya lafa kwana biyu, sa'an nan ya dawo ya fi da. Ana cikin wata na 5 wurin ya kumbura ya tara mugunya, aka kira wanzami ya tsaga. Sai da abu ya kai haka aka kai shi asibiti. Ƙwayoyin sha na mako 8 suka kashe ciwon sarai, amma wurin ya zama tabo sumul kamar tafin hannu, malamin asibiti kuma ya gaya wa uban yaron kada ya ƙara ɓata kuɗinsa, gama gashi ba zai sake tsirowa a nan ba. Ƙwayoyin da suka warkar da shi kuwa suna nan a kemis ɗin da aka sayi man shafawar, tun ranar farko.

To jama'a, zubewar gashi ba ciwo ɗaya ba ne. Wani yana bukatar maganin sha da gaggawa, wani yana bukatar a daina abin da ake yi wa kan, wani kuwa ba ya bukatar komai sai haƙuri da abinci. Abin tambaya a kowanne shi ne, saiwar gashin tana da rai ko ta mutu?

Gashin da muke gani a waje ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi. Ran yana can cikin fata, a ɗan ramin da kowane silin gashi yake fitowa. Mutum yana da irin waɗannan ramuka kimanin 100,000 a kansa. Kowanne yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana fid da gashi, sa'an nan ya huta kamar wata 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya biyo baya. Saboda haka sili 50 zuwa 100 da ke zuba kowace rana ba ciwo ba ne. Macen da ta yi mako 3 da kitso, ranar tsifa za ta ga na kwanakin nan duka a mataji lokaci ɗaya, kada hankalinta ya tashi. Tsawon da gashi yake ƙarawa kuma kimanin santimita 1 ne a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. Mai karatu sai ya auna wannan da alkawarin mai lasifika na mako 3.

Makero

Makero, wanda wasu ke kira makenkero, ƙwayar cuta ce dangin funfunar nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ya fi kama yara tun daga shekara 3 har zuwa balaga, daga nan yakan ragu domin maiƙon kan babba ba ya yi masa daɗin zama. Alamarsa wuri ne zagayayye mai fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya kakkarye, da ƙaiƙayi, wani lokaci har da kaluluwa a wuya ko a bayan kunne.

Ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Cutar ba a bisa fata kawai take zaune ba, tana kutsawa cikin silin gashin ne har can ƙasa cikin ramin. Man shafawa, komai tsadarsa, ba ya kaiwa wurin. Dole sai maganin sha, wanda zai bi jini ya iske ta daga ciki. Tun 1958 likitoci suke ba da ƙwayar girisiyofulbin domin wannan, masu kemis da yawa sun fi saninta da sunan Fulcin. Ana sha kullum har mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, saboda haka malamin asibiti ne zai auna ya faɗi adadin, ba maƙwabci ba. A riƙa ba yaro ita tare da abinci mai maiƙo, kamar nono ko kunun gyaɗa, gama haka ne ciki yake karɓarta sosai. Akwai kuma wata sabuwa, tabinafin, wadda galibi mako 4 ake yi ana sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a mako na 2 da zarar an ga wurin ya yi kyau. Mace mai ciki ba ta shan girisiyofulbin. Sabulun ruwa na wanke kai irin su Nizoral yana rage yaɗuwa zuwa ga sauran yara, amma shi kaɗai ba ya warkarwa.

Man shafawar nan kuwa da ake cewa magani uku ne a haɗe, wanda ya cika kemis-kemis ɗinmu, yana ɗauke da wani sinadari mai kwantar da ƙaiƙayi da kumburi nan da nan. Uwa za ta ga sauƙi ta yi murna, alhali ƙarfin fata na yaƙi da cutar ne aka danne, funfunar tana ta yaɗuwa a ƙarƙashi. Shi ne abin da ya yaudari ɗan'uwana. Man birki da ruwan batir ƙona fata kawai suke yi. In kuma wurin ya kumbura ya yi taushi yana tsatsar da ruwa, ba maruru ba ne, kada a yarda a tsaga. Wannan shi ne matakin da saiwa take mutuwa, a ranar ya kamata a kama hanyar asibiti.

Makero yana bin aska, da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai, wani irin kuma daga kyanwa ko kare ko maraƙi ake ɗaukarsa. A ƙauyukanmu, jajibirin Sallah ko Kirsimeti akan tara yaran gida goma a gindin bishiya, aska ɗaya ta bi kawunansu duka. A makarantar firamare da ta allo haka, hula ɗaya takan zaga kai biyar kafin a tashi. Ba ina zargin wanzamai ba ne, sana'ar iyaye da kakanni ce, kuma da yawansu yanzu sun koma sabuwar reza ga kowane kai. Sai dai uba ya sayi rezar ɗansa ya riƙe a hannu, domin ban da makero, aska mai jini tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan zuwa wancan. In an sami makero a kan yaro ɗaya, a duba kan sauran 'yan ɗakinsu.

Kitso da man miƙar da gashi

Yanzu bari in juya wajen iyayenmu mata da ƙannenmu, da fatan za a yi mini uzuri, namiji ne yake maganar kitso. A wajen biki, in aka dubi mata sa'ad da ɗankwali ya zame, za a ga da yawa gaban goshinsu da wajen saje ya cinye, ya ja baya kamar yatsa biyu ko uku. Wasu su ce gado ne, wasu su ce ɗankwali ne, sai a shiga sayen mai ana shafawa. Mafi yawansa ja ne. Kitso mai tsauri, da ƙananan kitso da ake kamo 'yan gashin baki da ƙarfi, da ɗaurin zare ko roba, da gashin doki mai nauyi da ake ƙarawa, su ne ke tumɓuke saiwar a hankali, wata da watanni, shekara da shekaru.

Wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba kawunan mutane a unguwar Langa ta birnin Cape Town, ta buga sakamakon a 2007. Ta tarar kusan mace 1 cikin 3 tana da wannan cin goshi, a cikin 'yan mata 'yan makaranta kuwa kimanin 17 cikin 100. Waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna su ne masu yin kitso mai ja a kan gashin da aka riga aka sa wa man miƙarwa. Gashinsu irin namu ne, kitsonsu ma bai bambanta da namu sosai ba.

Jiki yana ba da gargaɗi tun da wuri, mu ne muka mai da gargaɗin abin yabo. Ana cewa makitsiya ta iya in kitsonta ya ɗage gira. Yarinya ta dawo gida ba ta iya sunkuyawa, ba ta iya kwanciya, a ba ta fanadol a ce gobe zai saki. Kashegari ƙananan ƙuraje su feso a bakin goshi. Kowanne daga cikin waɗannan yana nufin a tsefe kitson a ranar, ko nawa aka biya. A shekarun farko, in aka sassauta, gashin yakan dawo da kansa cikin 'yan watanni ba tare da an sayi komai ba. In aka yi shekaru ana ja, ramukan sukan toshe, wurin ya yi santsi yana ƙyalli, daga nan kuwa ko man da aka kawo daga Makka ko Ingila ba zai yi ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan yara 'yan shekara 4 ko 5 da ake dannewa tsakanin gwiwoyi suna kuka, gama su ba su da bakin cewa a sassauta. A bar 'yan gashin baki su huta, a riƙa sauya inda kitso ya nufa, a kuma ba kai kwana biyu tsakanin tsifa da sabon kitso.

Man miƙar da gashi, wanda 'yan mata ke kira rilaksa, ya kamata a san abin da ke cikinsa. Da yawansa sodar nan ce mai ƙuna, irin wadda matan unguwa suke haɗa sabulu da ita, suna sa safar hannu saboda tsoronta. Wanda aka rubuta cewa babu soda a ciki, shi ma yana da wani sinadarin mai ƙarfi kusan kamarta. Aikinsa shi ne ya karya ƙarfin silin gashi domin ya miƙe, ƙarfin nan kuwa ba ya dawowa. Mai son yi, kada ta maimaita kafin mako 8, a kan sabon tsiro kaɗai, kada a bari ya wuce mintocin da aka rubuta a kwali, kada kuma a ɗora kitso ko gashin doki sai bayan mako 2 aƙalla. Zancen cewa sai ya fara zafi ne ya kama, ƙuna ce ake nema. Yara kuwa a ƙyale su. A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata 33,497, inda aka ga cewa masu amfani da irin wannan mai fiye da sau 4 a shekara sun fi kamuwa da sankarar mahaifa, kimanin 4 cikin 100, a kan waɗanda ba su taɓa yi ba, ƙasa da 2 cikin 100. Masu binciken ba su ce sun tabbatar man ne sanadi ba, amma ya isa mace ta rage.

Akwai kuma wata zubewar da ke farawa daga tsakiyar kan mace tana faɗaɗa a hankali, wani lokaci da zafi ko ƙaiƙayi. A 1968 likitocin Amurka sun ɗora laifinta a kan mataji mai zafi, yanzu an gane har da gado a ciki. Wannan tana barin tabo, sai likitan fata, kuma da wuri.

A nan ne ya kamata a bambanta gashin da ya zube da wanda ya karye. A ɗauki sili daga mataji a duba. In dogo ne, da ɗan farin ƙulli a gindinsa, daga saiwa ya faɗo. In guntu ne babu ƙulli, karyewa ya yi, saiwar lafiyarta lau. Ga mai karyewa ne man kaɗe da man kwakwa da man shanu suke da amfani na gaskiya, musamman da hunturu sa'ad da iska take busar da komai. Karkashin da kakanninmu suke wanke kai da shi, yauƙinsa yana sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba, ban kuwa ga abin da ya fi shi ba a wannan aiki. Garin chebe na matan Chadi da ya shigo kasuwa 'yan shekarun nan, shi ma haka yake, yana kare silin ne daga karyewa har tsawon ya taru. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ta da saiwar da ta mutu. Bakin gashin da ya tsage kuma ba ya haɗewa, almakashi ne maganinsa.

Mai jego da mai jinya

Mace takan ga gashinta yana zuba da yawa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, har ta fara zargin kishiya ko maƙwabciya. Ba hannun kowa. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yakan tsaya, bayan haihuwa sai su zube tare. Haka yake faruwa bayan zazzaɓi mai tsanani, ko taifot, ko tiyata. Yakan dawo da kansa cikin wata 6 zuwa shekara. In ya wuce haka, kuma ana jiri da kasala, a auna jini, gama ƙarancin jini ya yi yawa a cikin matan da ke haihuwa kusa-kusa. Kuɗin kwalba gara a sayi wake da zogale da hanta. Yaron da gashinsa ya yi ja-ja ya yi laushi yana tsigewa da sauƙi, ba mai yake so ba, tamowa ce, a kai shi awo, a ƙara masa ƙwai da gyaɗa da waken suya waɗanda muke nomawa mu kai kasuwa.

Wani lokaci kuma mutum yakan wayi gari ya ga wuri zagayayye sumul a kai ko a gemu, babu fari-fari, babu ƙaiƙayi. Nan da nan a ce sammu ne. Garkuwar jikin mutum ce ta rikice ta far wa saiwar gashinsa, ba a ɗauka, kuma sau da yawa gashin yakan dawo cikin shekara. Shi ya sa duk wanda ya ba da magani na ƙarshe yake cin yabo.

Mu masu sanƙo

Namu ya fi kowanne sauƙin bayani. Gado ne, daga wajen uwa ko uba, tare da sinadarin mazakuta da ke cikin jini, wanda yake ƙanƙantar da saiwoyin gaba da na tsakiyar kai kaɗan-kaɗan. Wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya nuna a 1942 cewa mazan da aka mayar babanni tun kafin balaga ba sa yin sanƙo. Hula ba ta kawo shi, yawan aski ba ya hana shi. Ana ce mana alamar arziki ce, ni dai har yanzu ina jira.

Magunguna biyu ne likitocin duniya suka daɗe da yarda da su. Na farko minoksidil, wanda asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu sha suna yin gashi, kamfanin Upjohn ya mai da shi ruwan shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 1988 da sunan Rogaine. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga wani abu, ba kowa yake yi wa aiki ba, ran da aka daina kuma, cikin 'yan watanni abin da aka samu zai zube. Mata ma suna amfani da shi bisa shawarar likita, ban da mai ciki da mai shayarwa. Na biyu ƙwayar finastarayid, da aka amince da ita a 1997 da sunan Propecia, ta maza ce. Takan rage wa wasu ƙalilan sha'awa ko ƙarfi, kuma mace mai ciki kada ta taɓa ko da ɓallinta, domin tana iya lahanta ɗa namiji a ciki. Dukansu biyu kuɗi ne na kowane wata har iyakar rai. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi, daga ƙeyar mutum ake cirowa a dasa a gaba, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin manomi. Ni na yi lissafi da kuɗin takin bana, na koma wajen mai aski na ce ya kwashe duka.

Masu rufe furfura kuma su yi hattara da baƙin rinin nan da ake kira dayis. Mu mutanen Rano ba baƙin rini ba ne, a tarihin Hausa Bakwai Rano da Kano ake kira sarakunan baba, matan da kuma da shuni suke gyara kansu. Amma dayis ba baba ba ne, ba kuma lalle ba ne, sinadari ne da yakan kumbura wa wasu fuska ya sale fatar kai. A ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana 2 kafin a shafa wa kai duka.

Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya kamata a nema a jikin kowace kwalba, wadda ba ta da ita a ajiye. Sai dai lambar ba ta nufin duk abin da mai lasifika ya faɗa gaskiya ne.

Makero da ƙarancin jini da tamowa, ɗakin shan magani na gunduma ko Babban Asibitin Rano sun isa. Abin da ya shafi tabo, ko zubewar tsakiyar kai, ko ciwon da aka yi wata 2 ana magani bai ji ba, sai a nemi takarda zuwa Kano, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Yadakunya da aka fi sani da Bela, wanda 'yan mishan na SIM suka riƙe a zamanin Turawa domin jinyar kutare, har yau kuma masu ciwon fata suke zuwa can. Ran da za a tafi, kada a aske wa yaro kai ƙwal, kada a shafa mai, domin likita yana bukatar ganin gashin da farin yadda suke, wani lokaci har ya kankari kaɗan ya aika ɗakin gwaji. Mace ta tsefe kitsonta tun dare. A kuma zuba duk kwalabe da kwalayen da aka riga aka gwada a leda a tafi da su, har da na mai lasifika.